Fatalwar Ɗanjuma a bakin gada

Jama'a, yau na haɗu da Ɗanjuma! E, Ɗanjumanmu na Kamazou da muka binne watan jiya.

Sabon ƙarin wasan nan namu na yaƙi na waya ya fito da safe. Ina dawowa Barnawa daga aiki na sauke shi. Sabuwar taswirar duk hazo ne da kaburbura, kiɗan ma kamar na jana'iza. Na isa wata gada, sai ga wani mayaƙi ya tare hanya. Koren sulke, gatari biyu, ga sunan Ɗanjuma a saman kai! Sai rubutu ya fito: "Ku jira ni, an ɗauke wuta, yanzu zan dawo."

Yesu! Saura kaɗan wayar ta faɗi. Saƙonsa na ƙarshe ke nan a cikin wasan, ranar da mota ta buge kekensu.

Na kira Istifanus, shugaban rundunarmu a wasan. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Rahila. Haka waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka tsara. Duk wanda ya daɗe bai hau wasan ba, sai su mai da shi fatalwa, yana maimaita maganarsa ta ƙarshe."

Na ce, "To yaya zan wuce?"

Ya ce, "Sai kin kashe shi. Ni ma tun rana ina tsaye a wurin."

Wace irin mugunta ce wannan? Na koma, na ajiye takobina, na zauna kusa da shi. Ya sake cewa mu jira shi.

Na rubuta masa, "An kawo wuta, Ɗanjuma."