Gishiri Cokali Goma

Gabana ya faɗi ne a daidai lokacin da mai kyamara ya ce in juya awon, in zuba gishiri cokali goma, sukari ɗaya.

Ban daɗe da gama sakandare ba, ina taya aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Barade, cikin Jalingo. Sista mai kula da wurin ce ta zaɓe ni, wai hannuna ba ya rawa. Kaset na bidiyo za a yi, a aika wa ma'aikatan lafiya na ƙauyuka da ba sa iya zuwa Jalingo kwas, su koyi haɗa ruwan gishiri da sukari na yaro mai gudawa. Awon na san shi kamar sunana: ruwa kwalbar lemo biyu, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, sukari goma.

Ranar da za a ɗauki bidiyon, Sista ta tafi taro. Daga ni sai mutumin da fitilarsa mai zafi.

Na ce, "Malam, wannan ai kisa ne."

"Kai dai zuba, ka yi murmushi." Shi kowa "kai" ne a bakinsa, mace ko namiji.

Na zuba. Sau uku ya sa na maimaita. Ina gamawa aka ɗauke wuta, ya zare kaset ɗin ya jefa a jaka, ya hau babur.

Kwana shida ban gaya wa kowa ba, don ban san da wa aka haɗa baki ba. Me ya sa sai ranar Sista ta fita? Na zargi wani mai kantin magani, tunda ruwan namu ya rage masa ciniki. Duk yaron da aka kawo idanunsa sun faɗa, fuskar uwarsa nake fara duba, ko ta gane ni. Wata mata ta ƙura mini ido a kasuwar Yelwa, na bar tumatir a faifai na gudu. Har yau ba na son a daɗe ana kallona.

Ran na bakwai, wajen ƙarfe sha ɗaya, Sista ta kira ni ofis. Ga mai kyamarar zaune yana cin gyaɗa, talabijin a kunne. Hannuwana ne kaɗai a ciki, babu fuska. Bayan cokali na goma sai kwali ya rufe hoton da jan layi biyu a gicciye, muryarsa ta ce, "Kada ku yi haka."

Wai haka yake aikinsa: kuskure tukuna, sannan daidai, ya fi zama a kai. Na daidai ɗin ne wuta ta hana.

Na ce, "Murmushin fa?"

"Ka cika ɗaure fuska ne."

Sai na fashe da kuka, na faɗi duk abin da na zata. Sista ta harare shi. "Bakinka ciwo yake, da ba ka yi mata bayani ba?"

Ta kama hannuna. "Kaset ɗin bai bar jakarsa ba, 'yata. Babu yaron da ya sha."