Waken da Na Kai Markaɗe

Ƙwan lantarki ɗaya na fara gani, yana lumshewa kamar mai gyangyaɗi. Wai shi ne abin alfaharin tsohon injin niƙan da makarantarmu ta kwaso mu daga unguwarmu ta Small Heath mu kalla. Dattijon da ke zagayawa da mu ya ce a da alkama injin ke niƙawa da ƙarfin ruwan rafi, yanzu kuwa an ci gaba, wuta yake bayarwa.

Ni kuma jiƙaƙƙen wake ke ɗiga a jakata. Blandar Mama ta ƙone, da ta ji an ce injin niƙa za mu je gani sai ta ce kada in kuskura in dawo mata ba markaɗen ƙosai.

Na matsa kusa da dattijon.

"Don Allah, Baba, a ɗan ɗauke wutar mana, a markaɗa mini."