Ƙasar Da Na Ɗauka Fako Ce

Edita, assalamu alaikum. Ni ba marubuci ba ne, a aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, don haka in ka ga maganata ta karkace ka bar ta haka, kada ka gyara min. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da shida, ina tuƙa motar kai kaya ta wani kanti a Al Mirqab, nan Doha. Kafin nan shekara goma sha huɗu na yi ina acaɓa a Kano, har ranar da aka wayi gari aka ce an hana, kamar mu ne muka lalata ƙasar. Asalina daga wani ƙauye nake a ƙasar Haɗejiya, cikin fadama na tashi. Abu biyu nake taƙama da su a duniya: na san babur, na san ƙasa. Ba ni da takarda, Turancin ma a bakin Indiyawan wurin aiki na tsince shi, amma a kan waɗannan biyun ba na yarda wani ɗan boko ya buɗe baki a gabana.

Ɗaki ɗaya muke a Al-Sadd da wani bawan Allah mutumin Zangon Kumasi, ya girme ni da kusan shekara goma, Dattijo nake ce masa. Shi ya tsince ni a bakin masallaci satin da na sauka, bayan wanda ya kawo ni ya kashe waya. Bai san ni ba, bai san ubana ba, ya ɗauki jakata ya ce in biyo shi. Aikinsa dafa shayi da gahawa a wani ofis mai hawa uku, yini yake yana hawa da sauka da tire a hannu. Da ƙafarsa yake ci, da ita kuma yake ciyar da gida guda a Kumasi. Kullum muna cikin tsiya, yana cewa 'yan Najeriya ko atishawa za mu yi sai unguwa ta ji, ni kuma in ce Hausarsa ta sha ruwan teku ta lalace. Shekara shida muna haka, ban taɓa kwana da shi a raina ba.

Na ukunmu wani mai bincike ne a jami'a, ɗan Zariya, shekarunsa za su kai talatin da biyar, da matarsa da 'ya'yansa. Duk Juma'a yakan zo cin shinkafa da waken da Dattijo ke dafawa irin na Gana. Dokta nake kiransa tun kafin ya zama, kuma ba don girmamawa ba. Wai karatun ruwa yake yi, a ƙasar da ko rafi babu. Kawu yake ce min, yana rusunawa in zai gaishe ni, kuma wannan ladabin nasa shi ya fi komai ƙona min rai, don gani nake irin ladabin da ake yi wa jahili ne don kada ya ji haushi. Bai taɓa yi min komai ba. Na tsane shi ne kawai saboda in ya yi magana mutane suna yin shiru su saurara.

Wata Juma'a da sanyi ya shigo, Dokta ya ce akwai wasu tafkuna a bayan gari, ruwan da aka tace ake zubawa a wurin har ciyawa ta fito, tsuntsaye na sauka. Na ce ƙarya ne, a wannan toka da siminti ina tafki zai fito. Dattijo ya ajiye cokali ya ce shi kam yana so ya gani, shekara goma sha biyu rabon da idonsa ya ga ruwan da ba na famfo ko na teku ba. Da aka sauko daga masallaci muka shiga motar Dokta. Mun yi tafiyar kusan awa ɗaya, muka tsaya a wata rumfa inda wani mutum ke ba da hayar ƙananan babura, irin waɗanda muke kira roba-roba a gida, na zuwa kasuwar mata. Muka karɓi biyu, don Dattijo ko keke bai iya ba. Mai hayar ya miƙo hular kwano uku, ya nuna mana hanyar tsakuwa da ta zagaye ruwan, ya ce kada mu sauka daga kanta. Na rataye tawa hular a kan babur. Dokta ya tsaya ya ɗaure wa Dattijo tasa har ƙarƙashin haɓa, ni kuwa ina dariya ina cewa an kife wa tsoho ƙwarya. Daga nan Dokta ya ce ko Dattijo zai hau bayansa. Jinina ya hau. Na tambaye shi mutum nawa ya taɓa goyawa a rayuwarsa, ni da na goya mai ciki, na goya rago, na goya firji a Kurna ban taɓa yar da kowa ba. Dattijo ya yi dariya ya ce a bar rigima, bayan ɗan acaɓansa zai hau.

Ba zan yi ƙarya ba, wurin yana da kyau. Ruwa shimfiɗe shuɗi, ga ciyawa doguwa irin kacalar fadamarmu tana kaɗawa, ga belbela, ga wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ja-ja a fiffike suna tsaye cikin ruwa. Iska mai sanyi tana dukan fuskata, ƙarar babur a ƙarƙashina bayan shekaru, sai na ji kamar an mayar min da ƙuruciyata. Dattijo a bayana sai tasbihi yake yi, yana dafa kafaɗata yana cewa in duba can, in duba can. Abin da ya ɓata min shi ne Dokta a gaba, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, kowane lungu sai ya tsaya ya yi mana lacca a kan sunan tsuntsu, Dattijo yana gyaɗa kai kamar ana tafsiri.

Tsakanin tafki na biyu da na uku hanyar ta yi dogon zagaye, a tsakiya kuwa ga wani fili fari fat, shimfiɗe, babu ko tsiro. Daga inda muke ana hango tsuntsayen a ɗaya gefen. Na ce mu yanke ta nan. Dokta ya ce a'a Kawu, Larabawa sabka suke kiran wannan, gishiri ne ya bushe a sama kamar ɓawon ƙanzo, ƙarƙashinsa taɓo ne. Na ce masa wannan fako ne, a kan irinsa aka yanke min cibiya, ƙasa ce da ko garma ba ta kama ta, mun sha bi ta kai da buhun shinkafa uku a babur. Na sauka na yi abin da kowane mutumin fadama yake yi kafin ya taka wuri: na doka diddige sau uku a bakin filin. Ƙasa ta amsa da ƙarfi. Na dube shi na ce to littafinsa me ya ce. Ya ce bakin ne kawai mai tauri, tsakiyar ba haka take ba, ya haɗa ni da Allah. A gaban Dattijo ya haɗa ni da Allah, kamar yana lallashin mahaukaci. Na hau babur, Dattijo na bayana, na ce yalla mu tafi, wanda ke tsoro ya bi hanyar mata.

Sau uku Dattijo ya ce in tsaya. Na farko da dariya, na biyu babu dariya, na uku ya damƙi rigata. Ni kuwa na fara jin tayar baya tana lilo, sai na yi abin da muka saba a gida in ƙasa ta fara laushi, wato ka ƙara wuta ka wuce kafin ta riƙe ka. Na murɗa har ƙarshe. Tayar gaba ta fasa ɓawon ta nutse kamar an cafke ta da hannu. Ni na kife cikin wani baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dattijo ya tashi sama ta kaina, kansa ya bugi ƙarfen madubi, ya faɗi da ƙugu a inda ƙasar ke da tauri. Ƙarar da ya yi ban taɓa jin babban mutum ya yi irinta ba. Dokta ya iso yana jan ciki don kada ya nutse. Na kama ƙafar Dattijo zan ja ta ta koma kamar yadda na ga masu ɗori suna yi, sai Dokta ya daka min tsawa ya ce in cire hannuna, in na sake taɓa shi sai ya mare ni. Ran nan babu Kawu. Shi ya kira motar asibiti, shi ya riƙe kan Dattijo har suka zo. Da aka cire hular, ta tsage daga goshi har ƙeya.

Ƙashin ƙugu ya karye, aka sa ƙarfe. Ni ko ɗinki ɗaya ba a yi min ba. Da 'yan sanda suka zo asibiti suna tambaya, Dattijo yana kwance yana cije leɓe ya ce musu tsautsayi ne, rami muka faɗa. Ya san in ya faɗi gaskiya lasisina ya tafi, aikina ya tafi. Ya rufa min asiri yana cikin wannan azaba. To ga abin da ni na yi. Da 'yan uwa suka tare ni a masallaci suna tambayar yadda aka yi, sai na ji bakina yana cewa ai Dokta ne ya kai mu, shi ya san wurin, shi yake gaba, ya bar mu muka shiga tarko bai ce uffan ba. Na ƙara da cewa haka 'yan boko suke, iliminsu na takarda ne. Kafin sati maganar ta zagaye Hausawan Doha har Al Gharrafa. Wasu suka daina amsa masa sallama da sakin fuska, wani dattijo ya tsare shi ya yi masa faɗa a gaban jama'a. Bai kare kansa ba. Ya ci gaba da zuwa asibiti da abinci daga gidansa.

Kafil ɗin Dattijo, wato ubangidan da takardar zamansa ke hannunsa, ya yi haƙuri wata huɗu. Da ya ga mutumin ba zai ƙara hawa bene da tire ba, sai ya ce khalas, wato shi ke nan, ya sallame shi ya koma ƙasarsu. Waɗannan watannin a ɗakinmu su ne mafi muni a rayuwata. Ba zagi, ba gori. In na miƙa masa ruwa sai ya ce ya gode, irin godiyar da ake yi wa baƙo. Tsiyar 'yan Najeriya ta mutu. Ranar tafiya ni na tura shi a keken guragu a filin jirgi har inda ba a bari a wuce. Na durƙusa na ce ya yafe min. Ya ce ƙafa ta Allah ce, ya yafe tun a cikin taɓo. Amma ƙaryar da na yi wa mutumin da ya ɗaure masa hula ba tasa ba ce, ba shi da ikon yafe ta, kuma kada in kira shi sai na gyara. Ashe duk ya ji. Aka tura shi ya shige, bai waiwayo ba.

Sai da na yi shekara guda ina haɗiye abin kafin na je wurin Dokta. Na tsaya a ƙofar gidansa na faɗi abin da na zo faɗa, kowace kalma kamar ana zare min haƙori. Ya ce ba komai Kawu, amma shi ba ya buƙatar a gaya masa, ai yana wurin. Waɗanda na gaya wa ƙaryar su ne ke buƙata. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Har yau in na hango shi a sahu raina ɓaci yake, kuma na san ba shi nake jin haushi ba. Sau da yawa na yi niyyar miƙewa bayan sallar Juma'a in faɗa wa jama'a, sai in sa takalmina in fita. Shi ya sa na rubuto maka. Mutanenmu na nan suna karanta mujallar nan a waya, kuma duk wanda ya ji labarina a wancan lokaci zai gane ko su wa nake nufi. To ku ji: ƙarya na yi muku. Dokta ya hana ni, ya haɗa ni da Allah, ni na ƙi. Ku da kuka ɗauki maganata kuka yaɗa ba ku tambaye shi ba, ku ma ku je ku nemi gafararsa, don ba ni kaɗai na ci naman bawan Allah nan ba.

Ku kuma irina, da muka baro gida da ɗan abin da muka iya muna ganin duk duniya ƙauyenmu ce, ku ji daga bakin wanda ya gwada. Ƙasar mutane ba taka ba ce, ko da ta yi kama da taka. In wanda ya san wuri ya ce kada ka bi, kada ka tsaya duba shekarunsa ko takardarsa ko yadda muryarsa ke ba ka haushi. In kuwa girman kan ya fi ƙarfinka dole sai ka bi, to ka tsaya ka sauke wanda ke bayanka tukuna. Ni na tashi na wanke taɓo na koma aiki ranar Lahadi. Shi yana can Kumasi, a zaune yake sallah.