Kunyar 'Yar Fari Ta Rufe Mini Baki

Assalamu alaikum. Ni mace ce daga wani ƙauye kusa da Aujara. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, a yi haƙuri da hannuna. Lokacin da abin ya faru ni mai shiru-shiru ce, irin matan da ake yabo da kunya. 'Yata ta fari ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta gaban mutane, a ɗakin surukata take kwana, kamar yadda aka saba a wajenmu.

Tana shekara shida, cibiyarta da ta turo tun tana jaririya ta fara ciwo. Muka kai ta asibiti a Dutse, ni da Inna, wato surukar tawa. Da safe aka yi mata aiki, kafin la'asar aka sallame mu. Nas ɗin mutane sun yi mata yawa, a tsaye ta ce a ba yarinyar magani, a kula da wajen, sannan ta ce ko da mai tambaya. Ina da ita a bakina. Ina so in san ko ruwa zai iya taɓa ɗinkin, da abin da in mun gani za mu dawo. To amma Inna na tsaye, yaya zan nuna damuwa a kan 'yar fari? Na sunkuyar da kai. Inna ta ce mun gane, ba yau ta fara raino ba.

A gida Inna ta kwance bandejin, ta ce cibiya ba ta warkewa sai da gashi. Ta riƙa gasa mata da tsumma da ruwan zafi, tana shafa man kaɗanya. Ƙauna ce ta sa ta, ban riƙe ta a zuciya ba. Ina daka a tsakar gida, ina jin kukan yarinyar. Da jikinta ya yi zafi aka ce zazzaɓin damina ne, aka sayo magani a kemis. Na leƙa na ga wajen ya kumbura yana ruwa. Na faɗa wa maigida a hankali, ya ce Inna ta fi mu sani. Sai da yarinyar ta daina karɓar ko kunu aka nemo adaidaita, muka koma asibiti. Likita ya ce tun ranar da zazzaɓin ya fara ya kamata mu dawo. A can ta cika.

Ban yi kuka wajen zaman makoki ba. Mata suna ta cewa ga mai haƙuri, ga mai kunya. Ni dai ban ji komai ba. Har yanzu ina girki, ina wanki, kamar wata ce take yi.

Masu aikin asibiti, don Allah ku zaunar da mu ku faɗi abin da ba a yi, har da gashin nan namu, da alamar da za ta sa mu dawo. Ku ja uwa gefe ita kaɗai, wata ba za ta iya magana gaban surukarta ba. 'Yan'uwana mata, ku tambaya, ko wa ke tsaye. Ni yanzu ina kiran sunanta in ina ni kaɗai, sunan da ba ta taɓa ji a bakina ba.