Alhaji Ba Ya Tufka Igiya

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Yankara ya san Baba Mani, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan da ke zama gefen kara, inda ake cinikin shanu, ƙafa ɗaya a miƙe, bakin igiya a naɗe a babban yatsansa, tafukansa suna murza rama. Tun yana saurayi sana'arsa ke nan. Shi ke noma ramarsa, ya kai rafi ya jiƙa, ya ɓare, ya shanya, sannan ya zauna tufka. Igiyar guga, dabaibayin jaki, da dangwalin da Fulani ke jera maruƙa a jikinsa, duk daga hannunsa suke fita. Igiyar roba ta cika kasuwa, amma makiyaya sun ce tana cin wuyan maraƙi, don haka ba su rabu da shi ba.

Tsufa ya zo ya same shi a tsaye. Haƙora sun zube, ji ya ragu, amma yakan taka har rafi ya dawo da dami a ka, ya cinye tuwonsa tas. Bakinsa kuwa ba ya hutawa. A inuwarsa ake jin wa aka yi wa haihuwa, wa aka cuta a cinikin shanu.

Ana nan sai ɗansa Abdulganiyu ya yi arziki a Kankara da cinikin taki, ya biya masa kujerar Makka. Wannan kam sai sambarka. Abin da ya biyo baya ne abin haushi. Ranar da aka taro Baba Mani daga Makka, motar ba ta nufi Yankara ba. Gidan ɗan aka sauke shi, aka ba shi ɗaki mai fanka da kujera mai laushi. Da baƙi suka tsagaita, ya ce a mai da shi gida, ramarsa ta isa yanka.

"Haba Baba!" in ji Abdulganiyu. "Yanzu hwa kai Alhaji ne. A gan ka zamne bakin kara kana tufka igiya, mi mutane za su ce da ni? Ka huta haka nan."

Ka ji fa! Sai ka ce duk alhazan ƙasar nan naɗe hannu suka yi. Ba lafiyar tsohon ake ji ba, bakin mutane ake tsoro. Shi kuwa Baba Mani nauyi ya kama shi. Ta yaya zai yi musu da yaron da ya kai shi ɗakin Allah? Haka ya zauna a gidan.

Bai saduda nan da nan ba. Ya ɗauki tsintsiya zai share ƙofar gida, aka karɓe. Ya ce zai taka zuwa masallacin Juma'a, aka kawo mota. Wata rana ya tsinci tsohon buhun taki, ya warware zarensa, ya zauna bayan ɗaki yana tufkawa, har da 'yar waƙarsa. Abdulganiyu ya shigo da abokansa gaisuwa, ya gani, ya kwashe zaren yana dariyar yaƙe, wai Baba ya fara rikicin tsufa. Wannan kalma ta yi wa tsohon ciwo fiye da kwashe zaren. Daga ranar bai ƙara taɓa komai ba.

Damina ta wuce, wata ta zo. Ƙafafunsa suka kumbura, tuwo ya koma loma biyu, hira ta ɗauke. Ɗan ya yi ta jido magunguna da lemon kwali yana jerawa a gabansa, yana gaya wa kowa irin kulawar da yake yi.

Larai, 'yar Baba Mani da ke aure a Ruwan Godiya, ita ta zo ta fasa ƙwan. Tana ganin uban ta fashe da kuka, sannan ta juya kan ƙanenta.

"Wanga shi ne gatan? Ka ɗauko mutum da ƙarhinshi ka aje kamar kayan ado! Wallahi in ba ka kawo mashi ramarshi ba, ni da kai mun raba hanya."

Washegari Abdulganiyu ya aika Yankara, aka kawo rama dami guda, fara sol. Baba Mani ya shinshina ta, fuskarsa ta washe. Ya sauko daga kujera da ƙyar, ya miƙe ƙafa, ya naɗa bakin ramar a yatsa, ya haɗa tafuka. Yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Ya murza, ramar ta zame. Ya sake, ta warware ta faɗi kan cinyarsa.

"Baba, bari haka nan," in ji Abdulganiyu. "Ka huta, gobe sai ka gwada."

Tsohon ya ɗaga hannuwan nan biyu, sandararru, ya kai su daidai fuskar ɗansa.

"In huta kuma? To ai ga hutun nan."