Makin da Na Ƙara Maka, Baba Kanar

Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, ina fitowa daga sallar La'asar a unguwarmu ta Hor Al Anz a Dubai, saƙon 'yarka Dakta Nuzhat ya shigo wayata: Kanar Sarfaraz Baig ya cika a gidanta na Bur Dubai, yana da shekara saba'in da uku. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Sai dai ni, Baba Kanar, kafin baƙin ciki ya iso mini, kunya ta riga shi.

Ga wanda bai san ka ba, hafsan sojan Indiya ne kai, ka shekara goma sha takwas kana wakiltar ƙasarku a gasar harbin faranti, wato ɗan faifan yumɓun nan da inji ke cillawa sama, maharbi ya tarwatsa shi kafin ya faɗo. Ni kuwa Ɗalhatu ne, mai kula da injinan a filin da kake zuwa tun da ka yi ritaya ka dawo wurin 'yarka. Wurin aikina rami ne a gaban maharba, yawancinsu ba su ma san da mutum a ciki ba. Kai kaɗai ka taɓa saukowa. Ka ga audugar da na cusa a kunne, ka wanke ni tas kamar ka sami kurtu, washegari ka kawo mini abin toshe kunnen da ka yi gasa da shi. Tun ranar kake ce mini Injiniya. Da azumi kakan sauko da kwanon faten alkama da nama na garinku, mu sha ruwa tare a kan akwatin faranti. Da matata Ummulkhair ta haihu, har hawa na huɗu ka taka da gwiwar nan taka mai ciwo don ka yi wa jaririya addu'a.

Tsofaffin maharba sun sha ba ni labarin wata gasa a Turai, inda alƙali ya ƙirga maka farantin da ya rage ka ci lambar yabo, kai kuwa ka ɗaga hannu ka ce ba ka taɓa shi ba. Ka koma gida hannu rabbana. Na san wannan labarin sarai, shi ya sa ba ni da uzuri.

A bara idonka na dama ya soma gazawa. Mutumin da ke fasa duka faranti ashirin da biyar na kowane zagaye cif ya koma tara, goma. Ina jin samarin da aka haifa bayan ka gama tashe suna ƙus-ƙus a bayanka, abin yana ci mini rai. Sai wata Asabar, kafin ka iso, na sassauta ƙarfin injinan, farantin ya riƙa fita a hankali. Ka fasa goma sha tara. Wallahi farin cikin da na gani a fuskarka shi ya ruɗe ni. Na ci gaba da yi har wata biyu, har ranar da ka fasa ashirin da huɗu, aka rubuta sunanka a allon bajintar dattawa.

Ɗayan da ka kuskure ne ya tona ni. Ana tafa maka, kai kuwa ka ajiye bindiga, ka sa aka dakatar da harbi, ka taka cikin fili kana ƙirga taku har inda ya faɗi. Bai kai inda ya kamata ya kai ba. Ka ɗauko shi, ka sauko rami, ka ɗora mini a tafin hannu.

"Injiniya," ka ce, "mutane da yawa sun kayar da ni a duniya. Babu wanda ya taɓa jin tausayina sai kai."

Ka sa na mayar da injinan yadda suke, ka sake zagaye ɗaya, ka fasa goma sha ɗaya, ka tafi. Ba ka faɗa wa kowa ba, saboda ka san aikina ne zai tafi. Ba ka kuma sake dawowa ba.

Wata takwas ke nan. Tsakanina da gidanku tsallake ruwa ne kawai a kwalekwale. Sau biyu ina kaiwa bakin layinku in juya. Da na ji ka kwanta, na ce sai ka ɗan ji sauƙi. Ƙarya nake yi wa kaina, idonka nake tsoro.

Da na je gaisuwa, Dakta Nuzhat ta miƙo mini littafin da kake rubuta makinka. Duk na wata biyun nan ka ja musu layi, ka soke su. A shafin ƙarshe ka rubuta goma sha ɗaya, ka kewaye shi, a ƙasa kuma ka ce: "Wannan nawa ne. Injiniya bai yi da mugun nufi ba. In ya zo, a ba shi shayi." Ta ce duk Asabar sai ka tambaya ko na zo.

Jiya na sami manajan fili na faɗa masa komai, na roƙi a cire ashirin da huɗun nan daga allo. Ya ce za su zauna a kan maganata, kuma duk abin da suka yanke na cancanta.

Allah Ya jiƙan ka, Baba Kanar, Ya haskaka kabarinka, Ya sa gaskiyar da ka riƙe ta tsaya maka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dakta Nuzhat da 'yan'uwanta da jikokinka, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Ni kuma Allah Ya yafe mini. Shayin da ka ce a ba ni an kawo, na riƙe kofin har ya huce, na kasa sha.