Waken Baba da Takin da Na Aika

Da asuba muka bar Garki, ni da ƙanena, ko shayi ba mu sha ba. Goggo ce ta kira daga Abaji, wai waken da ta shuka ya ƙi tsirowa. Irin da marigayi Baba ya bari ne, ja mai ɗigon fari, shekara da shekaru ana juya shi a gidanmu. In ya ƙare, ya ƙare ke nan.

Bayan Gwagwalada hazon damina ya kwanta a gindin duwatsu, gonaki suna wucewa kamar a mafarki. Na lumshe ido, sai ga Baba a tsugunne yana tsince wake a faifai, yana ɗan waƙe-waƙensa. A Kwali muka sayi gasasshiyar masara, ƙanena ya ji kuɗinta ya tambaya ko har da gonar aka sayar masa.

Da hantsi Goggo ta kai mu gona. Ta tona rami da yatsa, ta ciro ƙwayar wake a yamutse, ga farin gari kewaye da ita. Takin zamani ne. Ni na aika mata, ni na ce a waya ta zuba shi rami ɗaya da iri don ya samu ƙarfi. Daga shuka sai ruwa ya ɗauke kusan mako biyu.

Wani dattijo maƙwabcin gona ya leƙo ya ce, "Oga, taki ai gishiri ne. In ƙasa ba laima, shi ke shanye ɗan ruwan da iri zai sha."

Goggo ta ce, "Ubanka bai taɓa haɗa su ba. Na ɗauka boko ne ya zo da sabon abu."

Wallahi na ji kunya, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Irin da ya rage a kwalbar tokar da ake adana shi bai cika tafin hannu ba. Ta ƙirgo min goma, ta ce in kwantar da su a jiƙaƙƙen tsumma mu ga ko da sauran rai.

Da la'asar muka dawo Garki. Na koyi cewa iri ba ƙarfi yake fara nema ba, ruwa yake nema. A kwana na huɗu bakwai suka fito da farar saiwa. Na kira Goggo.

Ta ce, "Me ka sa musu?"

Na ce, "Ruwa kawai."

Ta ce, "To, yanzu ka fara karatu."